Tsakiyar Hajiya da Tsofaffin Biranen Indiya

Kafin mu koma Dubai, abin da na sani game da Indiya bai wuce finafinan da muka tashi muna kallo a Kano ba, sai kuma asibitocin da ake kai masu ciwon ƙoda. Ban taɓa zama na tambayi kaina yadda mutanen ƙasar suka rayu a zamanin da ba. A shekarar 2016 na kwaso yarana biyu muka bi mahaifinsu. Shi ya riga mu zuwa da shekara uku, yana aiki da wani kamfanin kago a Murshid Bazaar, suna haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Ni kuma na samu aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Deira. Muka kama fulat mai ɗaki biyu a hawa na uku a Al Muraqqabat, ba nisa da tashar metro ta Al Rigga.

Makarantun Turawa sun fi ƙarfin albashinmu, na Larabawa kuma yaran ba su da harshen. Sai muka yi abin da 'yan'uwanmu da yawa suke yi, muka sa su a makarantar Indiyawa. Ƙaramin, namiji, bai sha wuya ba, cikin wata biyu ya fara kaɗa kai irin nasu in zai ce to. Babbar kuwa, 'yar farina ce, ko a baki ba na kiran sunanta balle a rubuce, yarinya ce mai shiru da son karatu. Lissafi da kimiyya ba su taɓa ba ta matsala ba. A watan Afrilun 2017 ta shiga aji shida, aka ba su littafin tarihi mai kauri, tun daga bangon farko har na ƙarshe labarin Indiya ce ta dā.

Jarrabawar farko ta ci takwas cikin ashirin da biyar. Ta ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa kwana huɗu, sai da nake canza zanin gado na gan ta.

Na ce, "Wannan mene ne?"

Ta ce, "Umma, sunayen ne ba sa zama a kaina. Ina haddacewa da yamma, kafin safiya sun gudu."

Na buɗe littafin na ga hotunan kufai, da tukwane, da wasu ƙananan mutum-mutumi na yumɓu. Raina ya ɓaci, amma ba da ita ba. Na ce a zuciyata, yarinya Bahaushiya Musulma, me ya haɗa ta da kakannin wasu? Washegari na nemi izinin awa biyu a wurin aiki na tafi makarantar, na tambayi malamar ko za a iya ɗauke wa yarinyar wannan darasin. Malamar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ba zai yiwu ba, kowa sai ya yi. Ta ƙara da cewa yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, matsalar kawai hadda take yi ba tare da ta ga abin a idon zuciyarta ba. Na fito ina ganin an raina mini hankali.

A fulat ɗin da ke kallon namu akwai wasu Indiyawa 'yan Gujarat, miji da mata da 'ya'yansu, da kuma mahaifiyar matar, wata tsohuwa siririya mai farin gashi wadda jikokinta suke kira Nani, wato kaka ta wajen uwa. Ba mu fara da daɗi ba ni da ita. A watanmu na farko na ɗora miyar kuka na zuba daddawa, sai ga ta tana ƙwanƙwasa ƙofa, tana tambayata cikin ladabi ko wani abu ne ya mutu a kicin ɗinmu. Na ce mata abincinmu ne, na rufe ƙofa. Daga ranar muka shekara gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai.

Wata ranar Asabar na dawo daga aiki da la'asar na tarar da ƙofarmu a buɗe, yarinyar ba ta ciki. Ƙaninta ya ce tana gidan Nani. Ashe hayaniyarsa ce ta kore ta, ta fita ta zauna a matattakalar bene tana rera karatun da ƙarfi tana rangaji, kamar yadda aka saba a Islamiyya. Tsohuwar ta ji ana karya sunayen garuruwan ƙasarsu, ta kasa haƙuri ta fito. Na shiga da niyyar in ja hannun yarinyata mu fito, sai na gan su zaune a ƙasa, da babban faranti a tsakaninsu. An baza garin alkama a kai an daddale shi. Tsohuwar ta ja layuka miƙaƙƙu da tsinke, ta jera ƙwayoyin wake a matsayin gidaje, ta kwantar da tsinkayen taliya a gefen kowane layi.

Ta ɗago ta dube ni ta ce da Turanci, "Zauna, 'yata. Shekara talatin da wani abu na yi ina koyar da wannan darasin kafin in yi ritaya. Ki bar mini ita awa ɗaya."

Ban zauna ba, na tsaya a bakin ƙofa da jakata a kafaɗa. Sai ta tambaye ni, "A garinku, in an yi ruwan sama, ina ruwan yake bi?"

Na tuna lungunmu a cikin birni, yadda kwata take cika ta tumbatsa da damina har sai an jera duwatsu ana tsallakawa. Na ce, "Inda ya ga dama."

Ta yi dariya ta ce a garinsu ma haka ne. Sannan ta nuna farantin ta ce wannan Mohenjo-daro ne, birni a bakin kogin Indus, a ƙasar da yau ake kira Pakistan. Sama da shekara dubu huɗu da suka wuce mutanensa suka gina shi da ƙonannen tubali mai girma ɗaya. Titunansa a miƙe suke, suna gicciye juna. Gidaje da yawa suna da rijiya da wurin wanka, ruwan wankan kuma yana fita ta ƙaramar magudana ya faɗa babba wadda aka rufe da tubali a gefen titi. Tsinkayen taliyar nan su ne magudanun. Har ramuka aka yi musu inda datti zai kwanta a zo a kwashe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da ruwan kwata yake yi wa yara. Ban san lokacin da na ajiye jakar na zauna ba.

Daga nan Asabar ta zama ranar darasi. Bayan la'asar Nani takan tsallako gidanmu, don ta lura ba na sakewa a ɗakinsu saboda kusurwar da take ibadarta, kuma ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. In lokacin magariba ya yi, ita take fara rufe littafin ta ce mu tashi mu yi salla. Ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, na rasa abin da zan ba ta, sai wata rana na soya ƙosai. Ta ci uku a jere ta ce suna da irinsa a ƙasarsu, amma nasu bai kai wannan laushi ba. Zancen daddawa bai sake tasowa ba, sai dai in zan ɗora miyar kuka nakan buɗe tagar baya.

Ba ta koyarwa kamar littafi. Tambaya take yi ta bar mutum ya yi ta lalube. Ta nuna mana hoton wani ɗan dutse mai kusurwa huɗu, an sassaƙa dabba a jikinsa da wasu alamomi a sama, ta ce hatimi ne, 'yan kasuwa suna danna shi a kan ɗanyen yumɓu su rufe bakin kaya.

Yarinyar ta ce, "Me aka rubuta a sama?"

Nani ta ce, "Ba wanda ya sani. An tono irinsa da yawa, masana sun yi ta fama, har yau ba a karanta ba."

"Ko ke, Nani?"

"Ko ni. Ba mu san sunan da suke kiran kansu ba, ba mu san harshensu ba, ba mu san ko sarki ne yake mulkinsu ko dattawan gari ba. Ba a ga babbar fada ba, ba a ga tarin makamai ba. Mun dai san sun iya gini, sun noma alkama da auduga, kuma dutsen awonsu nauyi ɗaya ne daga wannan gari zuwa wancan."

Yarinyar ta daɗe tana kallon hoton. A ranar na ga wani abu ya canza a fuskarta. Da tana ɗaukan tarihi abu ne da aka gama aka rufe, nata kawai ta haddace. Jin cewa akwai abin da manya ba su sani ba ya sa ta fara yin tambaya, har ta kan hana mu cin abinci cikin kwanciyar hankali.

Zancen mutum-mutumin nan bai bar raina ba, na faɗa wa maigidana. Bai yi gardama da ni ba, ya bari sai ranar Juma'a ya tambayi wani malami ɗan Zariya da suke haɗuwa a masallaci. Ya dawo ya ce malam ya ce sanin labarin mutanen da suka shuɗe ba bauta ba ce, a dai kula da tarbiyyar yarinya da sallarta. Hankalina ya kwanta.

Da watanni suka tafi, muka bar biranen kogin muka gangaro zamanin da ya biyo baya. Nani ta ba mu labarin wani sarki da ya mallaki kusan ƙasar duka, sama da shekara dubu biyu da suka wuce. Ya kai yaƙi wata ƙasa a bakin teku mai suna Kalinga ya ci ta, amma yawan mutanen da aka kashe da waɗanda aka kwashe ya dame shi har ya yi nadama. Ya sa aka sassaƙa nadamar tasa a jikin duwatsu don kowa ya gani, ya koma haƙa rijiyoyi da dasa bishiyoyi a bakin hanya da samar da magani ga mutane da dabbobi. Ta ɗauko fasfonta ta nuna mana zakunan da ke bangonsa, ta ce daga kan ɗaya daga cikin ginshiƙan sarkin aka ɗauko su. Maigidana da yake kwance a kujera yana duba waya ya ce, "Sarki ya rubuta laifinsa da kansa a kan dutse? Wannan kam a kawo mana irinsa." Daga ranar shi ma ya fara sa baki. Da aka zo kan sifili da lambobin da muke rubutawa, shi ya ce ai Larabawan da yake aiki da su lambobin Hindu suke kiransu, bai taɓa tunanin dalili ba. Ni kuma abin da ya tsaya mini shi ne labarin likitocinsu na dā, waɗanda suke yankar fatar kumatu su gyara wa mutum hancin da ya guntule, ɗalibansu kuma suna koyon yanka a jikin kabewa kafin su taɓa mutum. Na kai labarin wurin aiki, wani likitanmu Ba'indiye ɗan Kerala ya yi mamakin inda na samo shi.

Ba abin alfahari kaɗai take faɗa ba. Ranar da aka zo kan yadda aka rarraba mutane hawa-hawa tun daga haihuwa, har wasu ba a yarda a taɓa su, yarinyar ta ce, "Nani, wannan ai zalunci ne."

Tsohuwar ta cire tabarau ta goge ta ce, "Zalunci ne. Kuma bai gama mutuwa ba. Na koyar da yaran da iyayensu ba sa shan ruwa a kofi ɗaya. Ki rubuta shi a jarrabawa kamar yadda yake, kada ki yi masa ado."

Ana cikin haka, wajen watan Nuwamba, yarinyar ta dawo daga makaranta idonta ja. Ta ƙi cin abinci. Da ƙyar ta faɗa mini cewa an ce kowa ya shirya abin da zai nuna a baje kolin tarihi na makaranta, sai wani ɗan ajinsu ya ce da ita, a gaban mutane, ita me za ta kawo tunda mutanen Afirka ba su da tarihi.

Na ce, "Me kika ce masa?"

Ta ce, "Ban ce komai ba, Umma. Ban san abin da zan ce ba."

Wannan amsar ta fi maganar yaron yi mini ciwo. Yarinyata ta san magudanun Mohenjo-daro, amma ba ta san komai game da garin da aka haife ta ba, kuma laifin nawa ne. Ni da na je makaranta ina faɗa a kan kakannin wasu, ban taɓa zaunar da ita na ba ta labarin nata ba. Gaskiyar magana ni ma ɗin ba wani abin kirki na sani ba.

Allah ya sa a makon mahaifiyata ta iso. Hajiya 'yar kasuwa ce, sau biyu a shekara take zuwa sarin leshi da mayafai da turare, ta sauka a wurinmu. Ba ta yi boko ba, Turancinta bai wuce na ciniki ba, Larabcinta kuma yalla da khalas da shuwayya. Ranar Asabar tana zaune a kan darduma tana jan carbi Nani ta shigo. Suka gaisa da hannu da murmushi. Darasin ranar a kan Lothal ne, wani tsohon gari a Gujarat inda aka tono wani babban tafki na tubali da ake zaton matsayar jiragen ruwa ce, da kuma wurin da ake yin duwatsun wuya. Littafin yana buɗe a kan tabarma, da hoton wasu dogayen jajayen duwatsu.

Hajiya ta leƙo ta ce da jikarta, "Ƙawata, miƙo mini in gani." Ta kai littafin kusa da ido ta ce, "Wannan ai tsakiya ce. Me ya kai tsakiya littafin Indiyawa?"

Ta sa hannu a wuyan rigarta ta jawo wani baƙin zare. A jikinsa akwai dutse guda ɗaya, ja mai duhu, tsawonsa kamar gaɓar yatsa biyu, ya sha hannu har yana sheƙi. Na san shi tun ina yarinya, amma ban taɓa tambayar asalinsa ba. Ta ce na kakarta ne, mijin kakar bafatake ne, shi ya kawo mata. Dā jeri ne guda, aka yi ta rabo har ya rage wannan, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ba ta cire shi ba.

Yarinyar ta fassara. Nani ta nemi izini ta karɓa da hannu biyu, ta je bakin taga ta ɗaga shi a hasken rana. Ta kira mu ta ce mu duba hudar da ke ciki. Daga baki biyu aka huda shi, ramukan suka haɗu a tsakiya, ɗaya ya ɗan kauce wa ɗaya. Ta ce aikin hannu ne. Kusa da garinsu akwai wani gari a bakin teku mai suna Khambhat, har yau ana wannan sana'ar. Sukan gasa dutsen a cikin tukunyar ƙasa har ya yi ja, su fasa, su goge, sannan su huda. A zamanin Lothal, dogo guda ɗaya yakan ci kwanaki ana hudarsa. Ta ce tun tana yarinya take jin cewa jiragen ruwa suna kwasar duwatsun zuwa ƙasashen Larabawa da Afirka.

Hajiya ta ce, "Tambaye ta, wato wannan nawa shekararsa dubu huɗu?"

Nani ta girgiza kai tana dariya. Ta ce a'a, wataƙila ɗari ko ɗari biyu, kuma ba za ta rantse cewa daga garin nasu ya fito ba, don akwai wasu wuraren da ake yi. Sana'ar ce mai shekara dubu huɗu.

Hajiya ta ce, "To ai shi ke nan. Mu ma ba a banza ya zo hannunmu ba, da kayanmu aka musanya."

Daga nan ta ɓalle da labari, jikarta tana fassarawa har ta gaji ta koma saurare kawai. Ta yi zancen maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suna narka tama, da ganuwa da ƙofofinta, da marina inda ake rina baƙin da Buzaye suke naɗawa, da fatun da ake jemewa a ɗora wa raƙuma su ƙetare sahara, da kasuwar Kurmi inda kakanta yake da rumfa. Wani abin ta ji daga kakarta, wani kuma ta gani da idonta. Nani ta yi ta tambaya a kan rini, don ta ce su ma tun zamanin dā suke noma baba suna rina auduga da shi. Tsofaffin nan biyu, ba mai jin harshen wata, suka kai har kiran magariba suna kwatanta wa juna da hannu yadda ake tsoma zane a matse a shanya.

Juma'ar da ta biyo baya Nani ta ce mu shirya za ta kai mu wani wuri. Muka gangara bakin ruwa da hantsi. Manyan jiragen katako suna jere ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa. Ta ce da yarinyar ta dube su da kyau, wannan zirga-zirgar ba yau aka fara ta ba. Muka shiga abra, wato ƙaramin jirgin fito na katako, muka ƙetara. Hajiya ta riƙe hannuna gam tana salati, Nani kuma gwiwarta ta hana ta sauka sai da maigidana ya tallafa mata. A wani ƙaramin gidan tarihi a Shindagha, cikin akwatin gilashi, muka ga jajayen duwatsu irin na Hajiya, waɗanda aka tono a cikin yashin ƙasar nan, an rubuta cewa daga wajen Indiya irinsu suke zuwa. Hajiya ta daɗe a tsaye. Daga baya ta ce, "Ashe sarin Dubai ba mu muka fara ba."

Ranar da za ta koma Kano, bayan an gama ɗaure kaya, ta ciro zaren daga wuyanta ta rataya wa jikarta. Ta ce, "Aro na ba ki, ba kyauta ba. Ki nuna musu, in na dawo ki ba ni abina."

An yi baje kolin a watan Janairu. Teburin yarinyar yana can ƙarshen zaure kusa da ƙofa. Ta zana taswira da hannunta, ta ja jan zare daga Gujarat zuwa Dubai, daga nan zuwa Masar, ya ƙetare sahara ya sauka Kano, ta rubuta a ƙasa cewa wannan hanya ce mai yiwuwa, ba tabbas ba, don Nani ta hana ta rubuta abin da ba ta da shaida a kai. Ta ajiye tsakiyar a kan farar auduga, da ƙyallen rinin Kano da mahaifinta ya samo wurin wani abokin cinikinsa. Na tsaya daga nesa ina kallonta tana bayani. Ba ta zo ta ɗaya ba. Wani yaro da ya gina babban wurin wankan Mohenjo-daro da kwali har da ruwa a ciki shi ya ci. Amma malamar nan da na je na yi wa faɗa ta daɗe a teburin, ta kira wasu malaman suka zo suka gani. Yaron da ya yi maganar ma ya zo. Bai ba da haƙuri ba, ya dai tambaya ina ne Kano a taswirar, ta nuna masa. A jarrabawar ƙarshen shekara tarihi ne darasin da ta fi ci.

Darasin Asabar bai tsaya ba ko da aka wuce aji shida. Sai da cutar korona ta zo a 2020 aka rufe gari. Ni ina fita aiki kullum, Nani kuma tsohuwa ce mai ciwon suga, saboda haka na hana kowa a gidanmu kusantar ƙofarsu. Wata huɗu suna darasi ta waya, ita da yarinyar, alhali taku biyar ne tsakanin ƙofofinmu. In na soya ƙosai nakan ajiye a bakin ƙofarsu in ƙwanƙwasa in koma. Allah ya tsare ta, ba ta kamu ba. Sai dai aikin surukinta ya tsaya, suka yi ta jira ko zai dawo, a farkon 2021 suka yanke shawarar komawa gida.

Da safe suka tafi. Kafin motar ta zo ta shigo mana da wasu littattafan rubutu guda shida ɗaure da igiya, takardunsu sun yi ruwan ƙasa, bayanan da take koyarwa da su ne tun tana matashiya. Ta ba yarinyar. Ta rungume ni ta ce in gaishe mata da Hajiya, kuma duk ranar da muka zo Gujarat ita za ta kai mu Lothal ko a keken guragu ne. Na ce in sha Allah. Muna gaisawa ta waya har yanzu, ranar Asabar yawanci.

A shekarar da ta biyo baya ne yarinyar ta gama aji goma, inda ake zaɓar ɓangaren da za a bi. Mahaifinta tun tana ƙarama yake kiranta likita. Ta kawo takardar ta ajiye a gabansa bayan mun ci abincin rana ta ce, "Abba, tarihi nake so. Ina so in koyi aikin tonon kayan tarihi."

Ya dube ni. Na ce ni ba ruwana, su ƙare tsakaninsu.

Ya ce, "Kin san ba a samun kuɗi a nan?"

Ta ce, "Na sani, Abba."

"Kuma rana ce da ƙura, ba ofis mai sanyi ba."

"Na sani."

Ya ce ta ba shi kwana uku. A kwanakin nan na ga yana ta tambayar mutane, har ya kira wani abokinsa da ke koyarwa a jami'a a gida suka daɗe suna magana. Abokin ya gaya masa akwai kufai da yawa a ƙasar Hausa da ba a taɓa sa musu hannu ba, masu aikin kuma 'yan kaɗan ne. A rana ta uku ya dawo daga Murshid Bazaar da yamma, ya wanke hannu, ya ce ta kawo takardar da biro. Ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya tambayi inda ake sa hannu.

Ya ce, "Na yarda. Amma in kin gama, ki fara da namu."

Ta ce, "To, Abba."

Washegari ni na raka ta makarantar muka miƙa takardar, daga nan na hau metro na wuce wurin aiki.